Gyambon Baba ya ƙi warkewa, gida ya fara zancen jifa

Tambaya

Assalamu alaikum, Anti. Ni matar aure ce a Katsina, gidanmu na haihuwa yana wajen Ƙofar Marusa. Mahaifinmu ya haura shekara 60, kuma ya daɗe da ciwon suga. Wata bakwai ke nan da wani ɗan ciwo ya fito masa a tafin ƙafar dama, ƙarƙashin babban yatsa, shi kansa bai san abin da ya ji masa ba. Yanzu faɗinsa ya kai murfin kwalba, kullum yana ruwa. Babu maganin da ba mu saya a kemis ba: Ampiclox, ja-da-yalo, Flagyl, har da allurai masu tsada. In yana sha sai ruwan ya ragu, warin ya lafa, mu ce an dace. Da maganin ya ƙare, kwana kaɗan abu ya dawo ɗanye. Sau ɗaya muka kai shi asibiti, likita ya ce sai an kankare ciwon an cire mataccen nama. Kawunmu ya ce wannan daji ne, ba ya son ƙarfe, in aka taɓa shi ƙarshenta a yanke ƙafar. Yayanmu kuma ya kafe a kan jifa ne, har an fara yi da amaryar Baba. Ni duk na rasa abin da ke mini daɗi. Akwai wani magani mai ƙarfi da zan saya masa? Ko dai gaskiyar su Yaya ce?

Amsa

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Ke kuma Allah ya yi miki albarka, wata bakwai ana jinyar mahaifi ba ƙaramin abu ba ne, balle ga mace mai nata gidan.

Bari in fara da abin da ya fi gaggawa. Kada ki ƙara sayen wani magani a kemis, komai tsadarsa, komai yabon da mai shago zai yi masa. Ki yi duk yadda za ki yi a mayar da Baba asibiti cikin satin nan, a bar likita ya yi aikin da ya ce zai yi. Abin da ya sa Yaya yake ganin da hannu a ciki, wato ciwo ya lafa in ana shan magani ya dawo in an daina, shi ne halin da aka fi sanin irin wannan gyambon da shi a ɗakunan wankin ciwo. Yana da dalili, kuma in kika fahimci dalilin za ki iya tsayawa gaban su Kawu ki yi bayani cikin ladabi ba tare da muryarki ta yi rawa ba.

Kin san randar da aka kwana biyu ba a wanke ba. Ruwan cikinta garau, amma in kika zura hannu kika shafa jikinta ta ciki sai ki ji santsi da yauƙi. Ki ɗauraye ta sau goma, santsin yana nan. Sai kin sa soso kin dirje yake fita, in kuma kika sake barinta ya sake taruwa. Wannan santsin halittu ne masu rai, bakteriya, da suka manne a jikin randar suka lulluɓe kansu da wani yauƙi da su da kansu suke fitarwa. Masana suna kiransa bayofim. Irinsa ne yake shimfiɗe a cikin tsohon gyambo. Sau da yawa ido ba ya ganinsa, wani lokaci kuma a ga wani abu fari-fari ko rawaya-rawaya mai sheƙi a kan naman, a goge shi yau, jibi ya dawo.

In fata ta buɗe, ƙwayoyin cuta suna sauka a kan naman, wasu daga fatar mutumin kansa, wasu daga ƙasa da takalmi. Da farko a warwatse suke, kuma a wannan halin magani da fararen ƙwayoyin jini suna gamawa da su ba wuya. Amma in suka samu danshi da mataccen nama, cikin 'yan sa'o'i sai su manne, su shiga hayayyafa a wuri ɗaya suna fitar da yauƙin nan. Haɗi ne na wani irin sukari mai danƙo da furotin da ragowar ƙwayoyin da suka fashe a cikinsu, kuma kwana biyu zuwa huɗu sun ishe shi ya yi ƙwari. Ba kasafai ake samun iri ɗaya kaɗai a ciki ba. Akwai Sitafilokokas, wadda ita ce aka fi samu a gyambon masu ciwon suga. Akwai Sudomonas, wadda take rina bandeji ya yi kore-kore. Can ƙasa kuma, inda iska ba ta kaiwa, akwai waɗanda ba sa son iska sam, su ne masu kawo ɗoyin nan da ke cika ɗaki. Flagyl yana kashe irin waɗannan, shi ya sa in Baba ya sha warin yake lafawa, ku ɗauka ciwon ne yake warkewa.

To me ya hana maganin ya ƙarasa aikin? Yauƙin kansa yana tare wasu magunguna, ya riƙe su a sama. Amma babban dalilin yana can ciki. Ƙwayoyin da suke ƙasan yauƙin ba sa samun isasshen abinci da iska, don haka sai su lafe, su daina girma, su daina rabuwa, kamar sun yi barci. Magunguna dangin fenisilin, irin su Ampiclox, suna kashe ƙwayar cuta ne a lokacin da take gina fatarta don ta rabu biyu. Wadda ta lafe ba ta gina komai, sai maganin ya wuce ta lafiya lau. Tun a 1944 wani likita ɗan ƙasar Ayilan mai suna Joseph Bigger ya lura da haka, ya ga duk yawan fenisilin da ya zuba wa Sitafilokokas sai 'yan kaɗan sun tsira, su sake hayayyafa bayan an janye maganin. Abin da kuke gani a gida ke nan. Maganin yana kashe waɗanda suka ɓalle daga yauƙin suka shiga nama, kumburi ya saɓe, ruwa ya ragu. Ranar da kafso na ƙarshe ya ƙare, na ƙasa su farka su cike gurbin.

Jikin Baba ma bai zauna ba, yana ta turo fararen ƙwayoyin jini wurin. Sai dai su aikinsu haɗiye ƙwayar cuta ɗaya bayan ɗaya, dunƙulen yauƙi ya fi ƙarfin bakinsu. Sai su tsaya a gefe suna ta zubo sinadarai masu narkar da nama, sinadaran su ci sabon naman da yake ƙoƙarin tsirowa. Ruwan nan da ba ya tsayawa, da mugunyar, yawancinsu daga nan suke. Ciwon ya maƙale ke nan a matakin kumburi, ya kasa wucewa matakin haɗewa.

Kin tambayi magani mai ƙarfi. A gwaje-gwajen da aka yi, ƙwayoyin da ke cikin yauƙi suna iya jure magani ninki 10 har zuwa ninki 1,000 na abin da zai kashe 'yan uwansu da ke warwatse. Babu jikin ɗan Adam da zai ɗauki wannan adadin. Allurar jentamaisin da ake yawan yi wa mutane a kemis, ko a ƙa'idarta tana iya taɓa ƙoda da ji, ga shi ƙodar mai ciwon suga dama a wahale take. Sannan magani ta jini yake tafiya, mataccen nama kuwa babu jini a cikinsa, jijiyoyin ƙafar mai suga kuma sun riga sun ƙuntata. Ko da maganin na gaske ne, ba jabu ba, kaɗan ne daga cikinsa yake isa inda ake buƙatarsa.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. A 1683 wani mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, wanda yake haɗa gilasan ƙara girman abu da hannunsa, ya kankaro dauɗar haƙoransa ya duba, ya ga ƙananan halittu suna motsi ba iyaka. Ya kurkure baki da ruwan khal ya sake dubawa, sai ya tarar na sama kawai suka mutu, khal ɗin bai ratsa cikin dauɗar ba. Ya rubuta wa ƙungiyar masana ta Landan abin da ya gani. An ɗauki kusan shekara 300 kafin likitanci ya ba abin muhimmancin da ya kamata, sai daga 1978 da masanin nan na Kanada, Bill Costerton, da abokan aikinsa suka fito da bayanin yadda bakteriya suke mannewa suna rayuwa a dunƙule. A 2008 wasu masu bincike a Amurka suka duba naman da aka ciro daga tsofaffin gyambuna 50, suka samu yauƙin a 30, alhali a sababbin raunuka 16 ɗaya tak ke da shi. Da aka tattara bincike da dama a 2017, adadin ya kai kusan kashi 78 cikin 100 na gyambunan da suka ƙi warkewa.

Shi ya sa likita ya ce sai an kankare. Bari in gaya miki abin da za ki gani, don kada ya zo miki a ba-zata. Kafin a taɓa ciwon, likita zai danna bayan ƙafar da gefen idon sawu yana neman bugun jini, domin in jini ba ya isa ƙafar sosai, akwai naman da ba a yankewa sai an fara duba hanyar jinin. Wannan kaɗai ya isa ya nuna miki aikin ba na wanzami ba ne, ba kuma na reza a tsakar gida ba. Daga nan a wanke da ruwan gishirin asibiti. Sai a ɗauko 'yar wuƙar tiyata da hantsaki, a fara feƙe kantar da ta zagaye bakin ciwon, farar fatar nan mai tauri, a bi ta a hankali har a kai fata mai rai. A cire naman da ya yi rawaya ko toka-toka, a kankare ƙasan ciwon har ya yi ja ya fara tsattsafo da jini. Jinin nan abin so ne, alamar an kai naman da ke da rai. Yawancin masu irin ciwon Baba ba sa jin zafi sosai saboda jijiyoyin jin ƙafar sun mutu, wanda yake ji kuma ana yi masa allurar kashe zafi.

In an gama, ciwon zai fi dā faɗi da zurfi. Ki riƙe wannan da kyau, domin a nan ne iyalai da yawa suke karaya, su ce ga shi an taɓa daji ya fusata, su ɗauke mara lafiya su koma gida. Ramin dama haka girmansa yake, kanta da mataccen nama ne suka rufe shi. Kuma ba sau ɗaya ake yi ba. Bayan an kankare, ƙwayoyin da suka rage suna komawa a warwatse, magani da abin wanki su samu damar kama su, amma cikin kwana ɗaya zuwa uku yauƙin yana sake haɗuwa in aka bar shi. Saboda haka ake sa ranar wanki a kai a kai, ake kuma sake kankarewa duk lokacin da aka ga ya taru. Ranar wanki ɗaya da aka tsallake saboda biki ko rashin kuɗin Keke Napep tana iya mayar da aikin sati guda baya.

Tsoron Kawu kuwa ba zan raina shi ba. Ya ga mutanen da suka shiga asibiti da ƙafa biyu suka fito da ɗaya, kowa a Katsina ya san wani. Amma a tambaya a ji wata nawa suka yi a gida kafin su je. Kusan kashi 85 cikin 100 na yanke ƙafar da ake yi wa masu ciwon suga, da ɗan gyambo irin wannan abin yake farawa, a yi ta jinyarsa a gida har cutar ta ci ƙashi ko ta haura ƙwauri. A lokacin da aka isa asibiti babu sauran zaɓi, sai a ce asibiti ne ya yanke. Ba zan yi miki alkawarin ba za a cire wa Baba komai ba. Gyambon da ya yi wata bakwai a ƙarƙashin babban yatsa yana kusa da ƙashi ƙwarai, kuma ƙashi wuri ne da yauƙin nan yake jin daɗin mannewa. Likita zai zura wani siririn ƙarfe mai tsabta ya ji ko yana taɓo ƙashi, zai kuma sa a ɗauki hoto. In cutar ta shiga ƙashi, magani yakan kai sati shida, wani lokaci kuma sai an cire ɗan guntun ƙashin da ya ruɓe ko yatsa ɗaya don a tsirar da ƙafar. Mutum yana tafiya masallaci da kasuwa da yatsu huɗu. Kowane sati da aka ƙara a gida, abin da za a iya tsirarwa raguwa yake yi. Maganar daji kuma, tsohon miki yakan rikiɗe ya zama ciwon daji na gaske, wato sankara, a wasu mutane, ko da yake ba kasafai ba, kuma hanyar ganewa ita ce a ɗebi ɗan nama a kai gwaji. Ko ta nan aka bi, asibitin dai za a koma.

Akwai wata ɓarnar da sayen magani barkatai yake yi wadda ba a gani. A cikin yauƙin, ƙwayoyin cuta iri-iri suna manne da juna, kuma suna iya miƙa wa juna dabarar jure magani ta gado. Duk zagayen kafso da aka sha aka bari, masu rauni ne suke mutuwa, masu taurin kai su gaje wurin. Ranar da cutar za ta shiga jini a buƙaci magani da gaske, sai a tarar waɗanda ake da su sun daina ci. Wani babban bincike ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya kai tsaye saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, kuma yankinmu na Afirka ta Yamma ne ya fi kowane yanki yawan mace-macen in aka kwatanta da yawan jama'a. A asibiti, bayan an wanke an kankare, ana ɗibar nama daga can ƙasan ciwon a kai ɗakin gwaji a shuka shi, a ga wace ƙwaya ce da kuma wane magani ne yake cin ta. Wanda aka goga da auduga a sama-sama bai kai wannan inganci ba. Ki roƙa a yi wa Baba wannan gwajin, kuɗinsa bai kai abin da kuka riga kuka zuba a kemis ba.

Kankarewa ita kaɗai ba za ta rufe ciwon ba in Baba yana taka shi. Wannan ne mutane suka fi sakaci da shi, saboda ƙafar ba ta yi masa zafi. Duk taku ɗaya, nauyin jikinsa gaba ɗaya yana sauka a kan wurin ya murƙushe sabon naman da ya tsiro cikin dare. Dole a ɗauke wa wurin nauyi, ko da sandar guragu, ko da takalmi na musamman, ko da filastar da likitan ƙashi zai ɗaura. Na san yadda zai yi wa dattijon da ya saba sahun gaba nauyi a ce ya yi salla a zaune, amma addini ya ba shi wannan sauƙin. Haka ma alwala, kada a jiƙa bandejin. Malamanmu sun yi bayanin shafa a kan ɗaurin ciwo, a tambayi limamin unguwa ya yi wa Baba bayani da bakinsa, zai fi karɓa daga gare shi.

Sai suga. In ya yi yawa a jini, fararen ƙwayoyin jinin da muke dogaro da su sanyi suke yi, ƙwayoyin cuta kuma su samu abinci. Ga yawancin manya ana son awon safe kafin a ci komai ya tsaya tsakanin 80 da 130 a ma'aunin mg/dL, amma likita zai faɗi iyakar da ta dace da shekarun Baba. In aka ce a koma allurar insulin na wani lokaci, kada a ɗauka ciwon ya kai ƙarshe ne, ana yin haka don gyambo ya samu ya haɗe. A janye sukari daga fura da koko da shayi, a bar lemon kwalba, a rage malmalar tuwo a ƙara miyar ganye. Wake da ƙwai da kifi suna taimaka wa nama ya tsiro, sai fa in likita ya ce ƙoda ba za ta ɗauka ba. In yana shan taba, ya bari, tana ƙara tsuke jijiyoyin jini.

A gida kuma a daina fasa kafso ana barbaɗawa a ciwon. Garin yana dunƙulewa da ruwan ciwo ya zama ɓawo, yauƙin yana ƙarƙashinsa lafiya. A daina wanki da Dettol ko Izal, suna ƙona sabon nama. Kada a gasa ƙafar da ruwan zafi, in hunturu ya shigo kuma kada ya miƙa ta kusa da kaskon wuta, domin zai ƙone bai sani ba. Garin magani da toka da man shanu duk a ajiye su. Za a ce miki zuma fa? Zuma tana da gurbinta, Alƙur'ani ya ambaci waraka a cikinta, kuma tun a 1988 wani likitan tiyata a Kalaba, Spencer Efem, ya wallafa yadda ya yi jinyar miki da gyambon mutum 59 da ita. Amma shi ma a asibiti ya yi, yana duba ciwon da idonsa. Zumar da aka zuba a kan mataccen nama da ƙashin da ya kamu ba za ta kai ƙasa ba, ga kuma zumar kasuwa da ake haɗawa da sukari. In mai wankin ciwon ya ga ta dace, shi zai ce a kawo.

Yanzu maganar da ta fi damuna a wasiƙarki, wato amaryar Baba. Ƙanwata, kada bakinki ya shiga wannan zancen, kuma inda kika isa ki hana, ki hana. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle a nan da ciwon ya zo da dalilinsa a fili: suga ya kashe jijiyar ji, wani abu ya soki ƙafa ko takalmi ya goge ta ba a sani ba, aka yi ta takawa, ƙwayoyin cuta suka samu wurin zama. Cikin masu ciwon suga, kusan mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar, wasu ƙididdigar ma sun ce ɗaya cikin uku, zai gamu da gyambon ƙafa a rayuwarsa, har a ƙasashen da ba a san kishiya ba. Ƙafa za ta iya warkewa cikin watanni, amma matar da aka kira mai jifa a gidan mijinta, ita da 'ya'yanta za su daɗe suna ɗauke da tabon. Kuma ita ce take kwana da Baba, ita take dafa masa abinci ranar girkinta. In aka ware ta, an rasa mutum ɗaya cikin waɗanda suka fi kowa iya lura da abin da yake ci da yadda bandejin ya kwana. Ku jawo ta cikin jinyar, a koya mata abin da za ta duba.

Addu'a kuwa a ci gaba da yi, a yi sadaka, a yi masa tofi, babu mai hanawa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaya mana Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, neman maganin a inda yake yana cikin bin wannan maganar.

Kada ki tunkari Kawu da gardama a gaban mutane, ba za ki ci riba ba. Ki fara da Baba shi kaɗai, a lokacin da hankalinsa yake kwance, domin ƙafarsa ce kuma maganarsa ce za ta yanke. Ki gaya masa abu ɗaya kike roƙo, a je a duba a ɗauki hoto, kuma babu likitan da zai yanke masa ko da farce sai da yardarsa da sa hannunsa. In akwai amininsa da yake jin maganarsa, ko wani ɗan uwa ma'aikacin lafiya, ki bi ta wurinsa. Shi kuma Yaya, ki roƙe shi ya zama shi ne zai kai Baba, ya shiga ɗakin likita ya yi duk tambayar da ke ransa. Wanda ya tsaya ya ga abin da ake cirowa daga cikin ciwon da idonsa, da wuya ya fito yana zancen jifa. A cikin gari kuna da Asibitin Koyarwa na Tarayya, da Babban Asibitin Katsina, da Asibitin Ƙwararru na Janar Amadi Rimi. Duk inda kuka je, ku nemi a haɗa ku da likitan tiyata ko na ƙashi, da kuma asibitin masu ciwon suga, domin aikin na su biyun ne.

Ga sauran masu karatu, wannan yauƙin ba a gyambo kaɗai yake ba. Dattijon da aka sa wa robar fitsari, cikin wata guda kusan babu makawa ƙwayoyin cuta sun manne a jikin robar, wasu har su tara tsakuwa su toshe ta, kuma canza robar a kan lokaci ya fi kwalin magani amfani. Haka yaron da kunnensa yake ta zubar da ruwa wata da watanni, da wanda aka sa wa ƙarfe a karaya wurin ya ƙi daina tsattsafowa, da dasashin da yake jini saboda dauɗar haƙori. Shi ya sa asuwaki da buroshi suke yin abin da kurkure baki ba ya yi. Baba ma a duba bakinsa, ciwon dasashi yana wahalar da saita suga.

Na ce cikin satin nan, amma akwai alamun da ba a kwana da su. In zazzaɓi ko rawar sanyi ya kama shi, in ja da kumburi suka fara haurawa bayan ƙafa ko ƙwauri, in yatsa ya fara baƙi ko ya yi sanyi, in wari ya ƙaru farat ɗaya, in yana amai ko magana ta fara rikice masa, ko awon suga ya yi sama ya ƙi sauka, a tafi sashen gaggawa a wannan lokacin, ko da tsakar dare ne.

Ranar da za ku je, ki tattara duk kwalaye da fatun magungunan da ya sha cikin watannin nan a leda ɗaya, har da sunan alluran in mai kemis zai rubuta miki, kada ki ɓoye ko ɗaya don jin kunya, likita yana buƙatar sanin abin da ƙwayoyin suka riga suka saba da shi. Ki ɗauki maganin sugansa da takardar awo in akwai, da takalmin da ya fi sawa, a duba cikinsa ko akwai ƙusa ko ɗinkin da yake gogarsa. A sa likita ya duba ɗaya ƙafar ma, har tsakanin yatsu da fason dunduniya. Kafin ku fito, ki tambayi ranar wanki na gaba da wanda zai yi shi, ki rubuta, ki kuma raba kwanakin tsakaninki da su Yaya tun a ranar don a san wanda zai riƙa kawo shi.